Furfura Ta Sake Leƙowa: Yadda Ake Gyara Rinin Gindin Gashi A Gida Ba Tare Da An Cutu Ba

A shagunan kayan kwalliya na kasuwar Keffi, da kantunan sayar da magani, da shagunan aski da ke bakin titin da ya nufi Abuja, rinin gashi na daga cikin kayan da ba sa yin kwantai. Masu sayensa sun haɗa da ma'aikatan da ke sammako zuwa babban birnin tarayya, mai nisan kimanin kilomita 50, da ma'aikatan Jami'ar Jihar Nasarawa, da 'yan kasuwa, da matan da ke shirin biki ko suna. Abu ɗaya ne ke dawo da su duka: mako uku ko huɗu bayan an yi rini, sai farin layi ya bayyana a gindin gashi, a goshi ko a tsaga ko a saje, tamkar ba a taɓa yin komai ba.

Abin da akasarin mutane ke yi idan sun ga haka shi ne su sayo wani kwalin, su kwaɓa, su shafe kai gaba ɗaya tun daga gindi har ƙarshen gashi. Wannan ɓarnar kuɗi ce, kuma ita ke karya gashi, tana kuma ƙara yawan sinadarin da ke taɓa fata. Ƙa'idar da masana gashi da likitocin fata suka haɗu a kanta mai sauƙi ce: sabon tsiro kaɗai ake rinawa, da ɗan rini kaɗan, bayan tazara mai tsawo gwargwadon iko, kuma bayan an gwada a fata.

Me ya sa furfura ke dawowa?

Kowane silin gashi yana tsirowa ne daga wani ɗan rami a cikin fata. A ƙasan ramin akwai ƙwayoyin halitta da ke samar da melanin, wato sinadarin da ke ba gashi da fata launinsu. Idan shekaru suka ja, waɗannan ƙwayoyi suna raguwa, sai gashin ya fito ba launi. Shi ne furfura. Rini kuwa iyakarsa gashin da ya riga ya fito waje. Ba ya kaiwa cikin ramin, don haka ba ya sauya komai game da abin da zai tsiro gobe.

Gashin kai yana tsirowa kimanin santimita ɗaya a wata. Saboda haka, farin layin da ake gani ba alama ce ta cewa rinin ya zuba ko jabu ne ba. Sabon gashi ne ya turo tsohon gaba. Wanda ya yi rini a farkon wata, zuwa ƙarshensa abin da ke buƙatar gyara bai wuce faɗin farce ba.

Nazarin likitocin fata ya nuna cewa furfura kan fara ne a tsakiyar shekarun talatin ga Turawa, ƙarshen shekarun talatin ga mutanen Asiya, da tsakiyar shekarun arba'in ga baƙar fata. Idan ta fito wa baƙar fata kafin shekara 30, ana ɗaukarta a matsayin ta wuri. Yawanci gado ne, amma ƙarancin bitamin B12, da matsalar tayirod da ke wuya, da cutar da ke sa fata ta yi fari dabbare-dabbare, da shan taba, duk suna iya gaggauta ta. Matashin da furfura ta rufe shi farat ɗaya, gara ya fara zuwa gwajin jini kafin ya nufi shagon rini. A shekarar 2020, masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna a jikin ɓeraye cewa tsananin tashin hankali yana ƙarar da ƙwayoyin da ke haifar da masu samar da launi, abin da ya ƙarfafa tsohon zancen nan cewa damuwa na kawo furfura. Amma zancen cewa idan an tuge guda ɗaya goma za su fito ba shi da tushe, domin kowane rami gashin kansa yake fitarwa. Illar tuge-tuge ita ce raunata ramin har ya daina tsirowa.

Ire-iren rini da yadda suke aiki

Na farko shi ne na wucin gadi: feshi, ko hoda, ko ɗan sanda mai kama da jagira. Wannan yana zama ne a bayan gashi, wanki ɗaya ke fitar da shi. Shi ya fi dacewa da wanda ke son rufe farin layi na yini guda.

Na biyu shi ne mai ɗan daɗewa, wanda ke shiga gashi sama-sama ya dushe a hankali bayan wanki da dama. Ba ya rufe furfura ruf, yana dai rage haskenta.

Na uku shi ne mai zama daram, wanda ya fi kasuwa. Yakan zo a kwali da abu biyu da ake haɗawa, ko kuma a matsayin gari cikin 'yar kwalba da ake kwaɓawa da ruwa. A cikinsa akwai amoniya ko danginta, wadda ke buɗe ɓawon silin gashi. Da sinadarin faroksaid. Da kuma ƙananan ƙwayoyin rini marasa launi. Idan suka shiga cikin silin, faroksaid yana haɗa su su zama manyan ƙwayoyi masu launi da ba sa iya fitowa. Wannan fasaha ta bunƙasa ne tun bayan da wani masanin haɗa sinadarai a Faransa, Eugène Schueller, ya ƙirƙiro nasa rinin a 1907, wanda daga kansa kamfanin L'Oréal ya samo asali.

Kowane buɗe ɓawon gashi yana barin rauni. Gashin baƙar fata, saboda nannaɗewarsa, yana da saurin bushewa da karyewa a inda ya lanƙwasa. Idan ana maimaita rini a kan gashin da aka riga aka rina, wata bayan wata, ƙarshensa yana yin baƙi ƙirin fiye da kima, ya bushe, ya riƙa kakkaryewa a mataji. Mata da yawa da ke kukan gashinsu ya ƙi tsawo, gashin yana tsirowa, karyewa yake yi daga ƙarshe.

Akwai kuma wani nau'i da ake shafawa kullum ya baƙanta gashi sannu a hankali. Wasu daga cikin irinsa na ɗauke da sinadarin dalma. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta soke izinin amfani da shi a rinin gashi a 2018. Mutanen da suka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sa buƙatar dogon bayani kan dalilin guje masa.

PPD da alaƙarsa da baƙin ƙunshi

Sinadarin da ya fi jawo matsala a rini mai zama daram shi ne wanda ake taƙaita sunansa da PPD. A jikin kwali ana rubuta shi p-Phenylenediamine. Shi ke ba da baƙi mai ƙarfi, kuma gwargwadon duhun rini, gwargwadon yawansa a ciki. A 2006 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin cututtukan fata da taɓa wani abu ke haddasawa ta ayyana shi a matsayin sinadarin shekara, domin jawo hankali kan illarsa. Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa rini, ta kuma wajabta rubuta gargaɗi a kwali cewa ba a yi shi don 'yan ƙasa da shekara 16 ba.

Yadda PPD ke cutarwa yana da ruɗani. Mutum zai iya shekara goma yana amfani da rini iri ɗaya lafiya ƙalau, rana guda garkuwar jikinsa ta ɗauki sinadarin a matsayin abokin gaba. Daga ranar, duk lokacin da ya taɓa fatarsa sai ta tayar, kuma kowane karo yakan fi na baya tsanani. Wannan hali idan ya kama mutum yakan zauna har ƙarshen rayuwa. Alamun ba sa fitowa nan take. Sukan bayyana bayan kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa wasu ba sa danganta su da rinin.

A nan ne al'adarmu ta shigo. Baƙin ƙunshin da ake zana wa amare da ƙawayensu a hannu da ƙafa, wanda ake kira dayis ko baƙin lalle, galibi da PPD ake samun baƙinsa, wani lokaci ma rinin gashin ne tsagwaronsa ake kwaɓawa. Lalle na gaskiya ba ya yin baƙi, kuma yana ɗaukar sa'o'i kafin ya kama. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan baƙin lallen da ake amfani da shi a shagunan kwalliya na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya samu PPD da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 a wani samfurin. Idan sinadari mai wannan ƙarfi ya zauna a kan fata, yana iya koya wa jiki ƙinsa. Yarinyar da zanen biki ya taɓa yi mata ƙuraje ko ya bar mata tabo a hannu, ko da shekaru ashirin sun wuce, tana cikin haɗarin kumburin fuska ranar da ta fara rina furfura. Duk wadda hakan ta taɓa faruwa da ita kada ta kusanci rini mai PPD, kuma ta sanar da likita ko likitan haƙori, domin jikin da ya ƙi PPD yana iya ƙin wasu magungunan kashe zafi na shafawa da wasu rinin tufafi.

A kula kuma da rubutun talla. Kwalin da aka rubuta masa cewa babu amoniya, ko na ganye ne, yana iya ƙunsar PPD. Jerin sinadaran da ke baya da ƙananan haruffa shi ne abin karantawa. Akwai ɗan'uwansa da ake rubutawa Toluene-2,5-Diamine, wanda da yawa daga masu ƙin PPD shi ma ba sa jituwa da shi.

Gwajin sa'o'i 48

Kwana biyu kafin rini, a haɗa ɗan kaɗan kamar yadda takardar cikin kwali ta bayyana, a ɗiga a bayan kunne ko a cikin gwiwar hannu, a sa ido har sa'o'i 48. A jikin baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka abin lura shi ne ƙaiƙayi, da zafi, da ƙananan ƙuraje, da kumburi, ko wurin ya yi duhu ya yi kauri. Idan an ga ɗaya daga cikinsu, an gama magana da wannan rinin. Ana maimaita gwajin kowane karo, ko da kwalin bai sauya ba, domin jikin ne ke sauyawa. Gwajin ba ya kama kowa da kowa, amma yana kare mutane da yawa daga kwanciya asibiti.

Yadda ake gyaran

Da farko a duba fatar kai. Idan akwai ciwo, ko ƙuraje, ko makero, ko amosanin da aka sosa har ya yi rauni, a dakata sai ya warke. Kada a wanke kai ko a sosa shi a ranar. Maiƙon da fata ke fitarwa cikin kwana ɗaya ko biyu kariya ne. Sai dai idan an cika gashin da mai mai nauyi, rini ba zai kama ba, don haka a wanke tun kwana biyu kafin nan.

A zauna a wuri mai iska, kamar tsakar gida ko kusa da taga, da rana, inda ido ke gani. A tanadi safar hannu, da kwanon roba ko na tangaran, domin ƙarfe yana ɓata haɗin, da ɗan buroshi, da mataji mai tsini, da tsohon tawul, da agogo. A shafa basilin ko man kaɗe a fatar goshi da kunnuwa da ƙeya, ba tare da ya taɓa gashin ba.

A kwaɓa daidai abin da ake buƙata, bisa awon da takarda ta faɗa. Gyaran gindi sau da yawa ba ya cin kwali guda. Abin da ba a haɗa ba ana iya rufe shi da kyau a ajiye, amma wanda aka riga aka haɗa a zubar da ragowarsa. Ƙarfinsa yana ƙarewa cikin ɗan lokaci, kuma idan aka rufe shi a kwalba yana iya kumbura ta fashe.

A raba gashin gida huɗu: tsaga ɗaya daga goshi zuwa ƙeya, ɗaya daga kunne zuwa kunne. A fara daga inda furfura ta fi yawa, yawanci goshi da gefen kunnuwa, domin ita ta fi taurin kai, tana buƙatar cikakken lokaci. A riƙa ɗaga gashin siriri-siriri ana shafa rinin a kan farin kaɗai, a tsaya daidai inda tsohon launi ya fara. Ba a murza shi cikin fata kamar mai. Ƙeya tana buƙatar madubi biyu ko hannun wani.

A duba agogo. Yawancin rini na neman tsakanin minti 20 zuwa 45, kuma abin da takarda ta faɗa shi ne iyaka. Ƙarin lokaci ba ya ƙara kyau, ƙuna yake ƙarawa. Idan tsohon launi ya dushe, ana iya jan rinin zuwa sauran gashin a mintuna biyar na ƙarshe, shi ma ba kowane karo ba. Idan aka ji zafi mai tsanani ko raɗaɗi kafin lokaci ya cika, a wanke nan take. A ɗauraye da ruwa mai ɗumi-ɗumi, kai a karkace yadda ba zai shiga ido ba, har ruwan ya fito garau, sannan a sa man laushin gashi.

Wajen zaɓen launi, a tsaya kan lambar da aka saba. Mai shakka ya ɗauki wanda bai kai baƙi ƙirin ba. Ruwan ƙasa mai duhu yana fitowa kusan baƙi a gashinmu, sinadarinsa bai kai na baƙin yawa ba, kuma idan furfura ta tsiro bambancin ba ya fitowa ɓaro-ɓaro.

Mai kitso, mai man miƙar da gashi, da mai gemu

Ranar tsifa ba ranar rini ba ce. Kitso mai tsauri da tsinin matsefi suna barin ƙananan raunuka a fata, waɗanda sinadari ke bi ya shiga. A bar kan ya huta kwana biyu.

Man miƙar da gashi yana ɗauke da sinadari mai cin fata, dangin sodar da ake yin sabulu da ita. Haɗa shi da rini mai zama daram a rana ɗaya na daga cikin manyan dalilan zubewar gashi da ƙunar fatar kai. A sa tazarar aƙalla mako biyu a tsakani, a fara da miƙarwa, rini ya biyo baya. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, gashi ya fi bushewa, don haka a ƙara tazarar, a kuma riƙa shafa man kaɗe a ƙarshen gashi.

Maza sun fi mata yawan maimaitawa, domin a gajeren gashi da gemu furfura kan bayyana cikin mako ɗaya ko biyu. Al'adar wasu shagunan aski ta gyara goshi da reza sannan a bi da rini a kan sabon yankan tana buɗe wa sinadari ƙofa kai tsaye. Wanda zai yi duka biyun ya raba musu rana. Fatar fuska ta fi ta kai laushi, ga ta kusa da baki da hanci, don haka mai rina gemu ya fi kowa buƙatar gwaji.

Gira da gashin ido kuwa ba a kai musu rinin gashi ko kaɗan. A farkon shekarun 1930, wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure, mai ɗauke da PPD, ya makantar da mata a Amurka, kuma yana cikin abubuwan da suka sa ƙasar ta kafa dokar abinci da magunguna da kayan kwalliya ta 1938. Garin neman gira a rasa ido ke nan, a zahiri.

Lalle fa?

Ganyen lalle yana da sinadarin da ke manne wa gashi daga waje, ba tare da ya buɗe ɓawonsa ba. A kan furfura yana ba da ja mai ruwan goro, a kan baƙin gashi kuwa ɗan sheƙi kawai yake bari. Masu son duhu sukan bi shi da garin ganyen baba, tsiron da marinan Kano suka shahara da shi, bayan an wanke lallen. Ana nufin garin ganyen zalla. Rinin tufafi na kanti da sinadaran marina ba na kai ba ne. Lalle yana neman haƙuri, sa'a biyu ko fiye, kuma yana iya busar da gashi, amma ba kasafai jiki ke ƙinsa ba. Wanda ya daka ganyensa da kansa ya san abin da ke ciki. Garin leda da aka ce yana baƙantawa cikin minti ashirin ba lalle ba ne zalla. Wasu ana haɗa su da gishirin ƙarfe, wanda ke lalata gashi idan aka bi shi da rini mai faroksaid. Mai son sauyawa daga ɗaya zuwa ɗaya ya fara gwadawa a kan gashin da mataji ya cire.

Jarirai kuma a raba su da lalle. Akwai wani ƙarancin sinadarin jini na gado da ake kira G6PD, wanda ya yawaita a Najeriya, kuma lalle yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin jaririn da ke ɗauke da shi.

Batun sankara da juna biyu

Hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sana'ar gyaran gashi da aski, inda ake mu'amala da sinadarai kullum, cikin abubuwan da wataƙila ke haddasa sankara, amma ta ce hujja ba ta isa a yanke hukunci kan mai rini a gida ba. A 2019, wani bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka kan mata 46,709 ya gano cewa masu amfani da rini mai zama daram sun fi sauran haɗarin sankarar mama da kashi 9 cikin 100, kuma a tsakanin baƙaƙen mata masu rini duk mako biyar zuwa takwas ƙarin ya kai kashi 60 cikin 100. Dukkan matan suna da 'yar'uwa da ta taɓa kamuwa da cutar, kuma binciken alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa rinin ne sanadi ba. Wani kuma da aka wallafa a 2020 kan ma'aikatan jinya mata sama da 117,000, waɗanda akasarinsu Turawa ne, bai samu alaƙa da yawancin nau'o'in sankara ba. Darasin da ke ciki dai shi ne rage yawa da rage maimaici. Masu shagunan gyaran gashi da wanzamai, su ne suka fi buƙatar safar hannu da iska.

Ga masu juna biyu, hukumar lafiya ta Ingila ta ce abin da ke shiga jiki daga rini kaɗan ne, amma wasu sukan zaɓi su jira sai bayan makonni 12 na farko.

Abin da malamai suka ce

Ga Musulmi, sauya launin furfura abu ne da ya zo a sunna. Imam Muslim ya ruwaito cewa a ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, sai Annabi (SAW) ya yi umarni a sauya launin amma a nisanci baƙi. Wasu malamai sun fahimci haramci daga nan, wasu karhanci. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya tafi a kan cewa rini da baƙi makaruhi ne, bai kai haram ba, kuma babu laifi a lalle da wani tsiro da Larabawa ke kira katam. Rini domin yaudara, kamar ɓoye shekaru ga wadda ake nema da aure, ba a yarda da shi ba. Game da alwala da wanka, malamai sun bambance tsakanin abin da launi kawai ya bari da abin da ke yin ɓawo ya hana ruwa shiga, don haka mai amfani da feshi ko sanda mai kauri ya tambayi malaminsa.

Yaushe ake garzayawa asibiti?

Ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje a goshi ko kunne suna buƙatar a wanke kai sosai da sabulu mai laushi, a ga ma'aikacin lafiya, a tafi da kwalin. Amma kumburin fuska ko fatar ido ko leɓe ko harshe, da sarƙewar numfashi, da jiri, da borin jini a duk jiki, ba sa jiran gobe. Mazauna Keffi su nufi sashen gaggawa na Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Babban Asibitin garin, na wasu wurare kuma asibiti mafi kusa. Idan ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na kimanin minti 15 sannan a tafi.

Haɗiyar rini ta fi komai haɗari. Likitoci a Sudan da Maroko da Indiya sun daɗe suna ba da rahoton yadda PPD ke kumbura maƙogwaro ya toshe numfashi cikin sa'o'i kaɗan, ya mayar da fitsari kalar shayi, ya kashe ƙoda. Ba shi da makari. Gaggawar kai mutum asibiti ce ke ceto. Kada a tsaya ba da manja ko madara ko tilasta amai. A ajiye rini inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma kada a juye shi a kwalbar lemo ko ta magani.

Wajen saye, a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, da ranar ƙarewar aiki, da jerin sinadarai, da takardar bayani. Garin da aka ƙulla a leda ba suna ba adireshi, ko kwalin da ya sha rana a kan tebur har ya koɗe, a bar wa mai shi. Sannan a ja tazara: mako shida zuwa takwas tsakanin rini da rini ya fi mako uku. A tsakani, sauya wurin tsaga, ko ɗan feshi a goshi, ko ɗaurin ɗankwali da hula, sun isa su rufe farin layin. Wanda ya koma daga rini duk mako huɗu zuwa duk mako takwas ya rage haɗuwar fatarsa da sinadari daga sau 13 zuwa sau 6 ko 7 a shekara, ya kuma rage rabin kuɗin da yake kashewa.